Gyartai a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa

Bahaushe bai yi dogon nema ba sa'ad da ya tashi laƙaba wa ƙashin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa suna. Ya dubi abin da ke hannunsa kullum, ya ce masa ƙoƙon kai, wasu kuma su ce ƙwaryar kai. Sunan ya dace ƙwarai, domin ƙoƙo mazubi ne, darajar mazubi kuwa duk tana ga riƙe abin da aka zuba masa. Ƙwaryar da ke yoyo, komai kyan zanen da aka yi mata, ta tashi daga aiki har sai ta bi ta hannun gyartai. Shi kuwa gyartai, mai bin gida-gida yana ɗinke fasassun ƙorai, ba ya cikin masu sana'ar da maroƙa ke wasawa. Ana yaba wa wanda ya fafe ƙwarya, ana yaba wa wanda ya zana ta, amma wanda ya ɗinke ta sai a sallame shi da ɗan abin da ya sawwaƙa, a manta da shi.

Wannan hali na ɗan Adam bai tsaya ga ƙorai ba, ya bi shi har ɗakin fiɗa. A yau likitoci na iya cire ƙari daga ƙarƙashin ƙwaƙwalwa ta kafar hanci, ba a aske gashi ba, ba a tsaga fuska ba, mara lafiya ya farka babu tabon da ido zai gani. Idan aka ba da labarin a rediyo, mamakin jama'a duka ga shigar yake tafiya: ƙaƙa aka yi hannu ya kai can? Da wuya a ji wanda ya tambayi abin da ya faru da ramin da aka bari. Alhali tarihin wannan fanni ya nuna cewa shiga ba ta taɓa kayar da likitoci kamar yadda rufewa ta kayar da su ba. Sai ranar da suka iya rufewa ne aikin ya zama abin da za a yi wa ɗan mutum cikin kwanciyar hankali.

Kafin a fahimci gyaran, sai an san ginin. A ɗauki kan mutum kamar soron bene irin na tsofaffin gidajen Birnin Damagaram. Ɗakin sama na ƙwaƙwalwa ne, na ƙasa kuwa na hanci ne da idanu da maƙogwaro. Abin da ke daɓe ga mai ɗakin sama, shi ne rufi ga mai ɗakin ƙasa, kuma shi likitoci ke kira gindin ƙoƙon kai. Hawa uku gare shi kamar matakala, na gaba ya fi tudu, na baya ya fi zurfi, duk kuwa huje yake da kafofin da jijiyoyi ke ratsawa. Daidai saman hanci akwai wani ɗan ƙashi mai ƙananan huji kamar rariya, ta nan jijiyoyin jin ƙamshi ke saukowa, a wasu wuraren kaurinsa bai kai milimita 1 ba. Can baya kaɗan akwai kogo mai iska a cikin ƙashi, a rufin kogon nan kuma akwai wani gurbi da masana na da suka ga ya yi kama da sirdi, suka sa masa suna sirdin Turkawa. A cikin sirdin nan hipofiz ke zaune, wata ƴar tsoka da ba ta wuce ƙwayar wake ba, amma ita ke ba da umurni kan girman jiki da haila da ruwan nono da haihuwa. Jijiyoyin gani suna giciye a samanta, manyan jijiyoyin jini biyu masu ciyar da ƙwaƙwalwa kuma suna tsaye dama da hagunta. Shi ya sa idan ƙari ya tsiro a nan, sai mutum ya fara rasa ganin gefe da gefe, ko zobe da takalmi su fara matse shi bayan ya gama girma, ko haila ta ɗauke wa mace ba ciki ba goyo.

Ɗakunan nan biyu ba su da haɗi ko kaɗan wajen tsabta. Hanci kasuwa ce: ƙura na shiga, majina na gudana, ƙwayoyin cuta na zaune a ciki dare da rana ba tare da sun cutar da mai shi ba. Ɗakin sama kuwa ba a yarda ko ƙwaya ɗaya ta taka shi ba. Bayan ƙashi, tantani uku ne ke gadinsa, na wajen mai ƙarfi kamar jemammiyar fata. A tsakanin na cikin ne wani ruwa garai-garai yake zagayawa, ƙwaƙwalwa da laka suna yawo a cikinsa kamar jariri a mahaifa. Yawansa a jikin babban mutum wajen mililita 150 ne, amma jiki na ƙera kusan rabin lita a kowace rana, wato cikin ledar ruwan sanyi guda da ake sayarwa a tasha, yana kuma shanye tsohon yana sabunta shi. Ruwan nan ba kwance yake ba. Yana bugawa tare da bugun zuciya, yana ƙara matsi idan mutum ya yi tari ko ya sunkuya. Ke nan wanda zai toshe rami a gindin ƙoƙon kai ta cikin hanci, kamar magini ne da aka ce ya liƙe rufin soro daga cikin ɗaki, yana tsaye a ƙasa, alhali ruwan sama na kwance a bisa rufin. Idan kuwa liƙin bai kama ba, ruwa ya sauko, ƙwayoyin hanci su hau ta inda ya sauko. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, sunan wannan ƙadangare kuwa sanƙarau.

Hanyar hanci tsohuwar hanya ce. Masu shirya gawarwakin manya a tsohuwar Masar ta nan suke zura ƙugiya, su fasa rariyar, su fitar da ƙwaƙwalwa, kamar yadda Herodotus ya bayyana, binciken gawarwakin kuma ya tabbatar. Su dai ba su da damuwar rufewa, tunda mai gidan ya riga ya tashi. A 1907, a birnin Insburuk na ƙasar Ostiriya, Hermann Schloffer ya zama na farko da ya kai ga ƙarin hipofiz na rayayyen mutum ta wannan hanya, ko da yake sai da ya tsaga gefen hanci ya karkatar da shi kamar ƙyauren ƙofa. A 1910 Oskar Hirsch, likitan hanci a Biyana, ya bi ta cikin kafar hancin kanta, a shekarar kuma Harvey Cushing a Amurka ya bi ta ƙarƙashin leɓen sama. Tsakanin 1910 da 1925 Cushing ya yi wa mutum 231 wannan aiki, waɗanda suka rasu ba su kai 6 cikin 100 ba, a zamanin da babu ko penisilin. Duk da haka, kafin 1930 ya bar hanyar ya koma buɗe kai ta sama. Tunda shi ne babban malamin fannin, sai akasarin likitoci suka bi bayansa, ga kuma duhu da ƙuncin hanyar, ga tsoron sanƙarau.

Abin da ya hana ta mutuwa wata silsila ce ta malami da almajiri, irin wadda duk wanda ya yi karatun zaure zai gane. Norman Dott ya koya wurin Cushing, ya koma Edinbara ya riƙe abin da malaminsa ya yar. A 1956 Bafaranshe Gérard Guiot ya ziyarce shi, ya gani da idonsa, ya kai hanyar Paris, ya haɗa ta da hoton rediyo mai nuna inda kayan aiki suka kai a cikin kai. Jules Hardy ya koya wurin Guiot, ya koma Monreyal ta Kanada, a shekarun 1960 ya shigo da madubin ƙara girma. Mutum uku ke nan, kowa ya karɓa daga hannu ya miƙa wa hannu, har aka daina ganin hanyar hanci a matsayin ganganci.

Sai kuma madubin leƙe, wato andoskof, ya zo. Sanda ce siririya ta ƙarfe, kaurinta milimita 4, tsawonta santimita 18, cike da gilasai, da haske a bakinta da kamara a gindinta. Bature ɗan Ingila Harold Hopkins ne ya ƙirƙiro tsarin gilasanta, Bajamushe Karl Storz ya ƙera ta ta shiga asibitoci. Mai aiki da madubin ƙara girma kamar mai leƙen rijiya ne daga baki, abin da ke daidai ƙarƙashinsa kaɗai yake gani. Mai andoskof kuwa kamar ya ɗaura idonsa da fitila a igiyar guga ne ya zura su ƙasa, yana duban kowane saƙo. A 1992 Roger Jankowski da abokan aikinsa a Nansi ta Faransa suka cire ƙarin hipofiz da andoskof kaɗai. A 1997 Hae-Dong Jho da Ricardo Carrau a Pitsbag ta Amurka suka ba da rahoton mutum 50 da suka yi wa haka. Daga nan aikin ya zama na mutum biyu, likitan hanci na riƙe da ido, likitan ƙwaƙwalwa na aiki da hannu biyu, kowa ta kafar hancin da ta fi masa, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Wanda ya samu ido mai gani haka ba zai tsaya ga sirdin Turkawa ba. A farkon shekarun 2000, likitocin Pitsbag da na Napoli da Bolonya ta Italiya da wasunsu suka faɗaɗa hanyar, suna kai wa ga ƙarin da ke bayan goshi har zuwa wanda ke kusa da ƙashin wuya na farko. Ƙari na fita, amma ramin da ake bari a ƙashi da tantani ya tashi daga faɗin ƙwayar gero ya koma na santimita da dama. A irin waɗannan manyan ayyuka, mutum 2 ko 3 cikin kowane 10 sukan tashi da yoyon ruwan ƙwaƙwalwa ta hanci bayan fiɗa. Kowane yoyo kuwa yana nufin komawa ɗakin fiɗa, da tsawaita kwanciya a asibiti, da zaman ɗar-ɗar na jiran zazzaɓi. Masu sukar hanyar suka samu abin faɗa, kuma gaskiya suka faɗa: mene ne amfanin kare mutum daga tabon fuska idan za a bar masa ƙofar sanƙarau a buɗe?

Ba wai likitocin ba su san faci ba ne. Tun 1926 Walter Dandy ya toshe irin wannan yoyo ta hanyar buɗe kai, da wani farin tantani mai ƙarfi da ke lulluɓe da naman cinya, har yau kuwa ana amfani da shi. A 1981 Malte Wigand a Jamus ya fara toshewa ta hanci da andoskof. Gyartai na huda gefen tsaga ya ɗinke, amma a ƙarshen rami mai zurfin yatsa da ƙuncin alƙalami, allura ba ta da wurin juyawa, saboda haka akasari jerawa ake yi hawa-hawa. A yanko ɗan kitse daga kusa da cibiya a cike gurbin da ƙari ya bari. A shimfiɗa tantanin cinya ta ciki, tsakanin ƙwaƙwalwa da ƙashi, gefunansa su wuce bakin ramin yadda nauyin ruwa zai danne shi. A shimfiɗa wani ta waje, a shafa wani irin danƙo na asibiti, sa'an nan a tokare duka da soso ko ƴar balo na ƴan kwanaki, kamar yadda ake tokare azara har yaɓe ya bushe. A 1997 Peter-John Wormald da Mike McDonogh suka bayyana wata dabara mai ban sha'awa: a ɗaura zare a dunƙulen kitse, a tura shi ya haye ramin, sa'an nan a jawo zaren a hankali, kitsen ya zauna a bakin ramin ta sama, matsin ruwan da ake tsoro ya zama shi ke daɗa liƙe shi. Ga ƙananan ramuka, irin waɗannan dabaru na yin nasara ga fiye da mutum 90 cikin 100 tun karon farko.

Babban rami ne ya gagara, dalilin kuwa manomi zai riga kowa ganewa. Facin da aka yanko daga cinya ko ciki yankakken reshe ne. Ba shi da jini nasa, yana rayuwa ne da ɗan abin da yake tsotsa daga gefunan da ya taɓa har sababbin jijiyoyi su tsiro masa. Idan ramin ƙarami ne, gefe na kusa da tsakiya, sai ya kama. Idan babba ne, tsakiyar facin na rataye a kan wofi, ruwa na dukan ta ba dare ba rana, sai ta mutu kafin saiwa ta iso. Balle idan ƙarin na daji ne, za a bi wurin da gashin haske bayan fiɗa.

Maganin ya fito ne daga birnin Rosariyo na ƙasar Ajantina, wurin wasu likitocin hanci biyu, Gustavo Hadad da Luis Bassagaisteguy. Sun lura da shamakin da ya raba kafofin hanci biyu, wanda guringuntsi ne da ƙashi, lulluɓe da jar fata mai laima. Fatar kowane gefe tana samun akasarin jininta ne daga jijiya guda da ke shigowa daga can bayan hanci, ta ratsa gaban kogon da ake bi a kai ga sirdi. Sai suka ce a yanka fatar nan ta sama da ta ƙasa da ta gaba, a ɗaye ta daga guringuntsi, amma a bar ta manne ta baya inda jijiyar ke shiga. Abin da aka samu faci ne mai faɗi, mai wutsiya, yana juyawa ya kai kusan ko'ina a gindin ƙoƙon kai, jini na gudana a cikinsa. Bambancinsa da na cinya shi ne bambancin yankakken reshe da yaɗon kabewa, wanda ke kafa sabuwar saiwa a inda ya sauka alhali yana shan ruwa daga uwa. A 2006, tare da Carrau da likitocin Pitsbag, suka wallafa sakamakon mutum 43, biyu kaɗai suka yi yoyo. A cibiyoyin da suka ƙware a kansa, yoyon bayan manyan ayyuka ya sauko zuwa wajen 5 cikin 100. Da tsohuwar zuma ake magani, domin Hirsch ɗin nan na Biyana ya toshe yoyo da fatar shamaki tun 1952. Abin da ƴan Rosariyo suka ƙara shi ne sanin jijiyar da ke ciyar da ita, da yanka bisa wannan sani.

A nan ne darasin da ya fi kowane yake. Jijiyar nan tana kwance ne daidai kan hanyar shiga. Likitan da ya kutsa cikin gaggawar kai wa ga ƙari zai tsinke ta tun a mintunan farko, idan ya gama ya juyo neman faci sai ya tarar ya kashe shi da hannunsa. Saboda haka aka juya tsarin aikin gaba ɗaya. Kafin a taɓa ƙashi, kafin a ga ƙarin ma, sai an fara ɗaye facin, a naɗe shi a ɓoye can bayan hanci ya yi awoyi yana jira. Tun ran gini, tun ran zane. Daga 2011 an samu wata hanya ta tsaka-tsaki, inda ake kare jijiyar kaɗai a tura ta gefe, sai an ga ruwa ya ɓalle sa'an nan a ƙarasa ɗaye fatar. Ko ta wace hanya aka bi, tunanin rufewa ne ke jan ragamar buɗewa.

Ba a samun faci kyauta. Guringuntsin da aka tuɓe yakan yi makonni, wani lokaci wata 2 ko 3, yana ɓawo kafin sabuwar fata ta rufe shi. Wasu kan rasa wani abu na jin ƙamshi, idan yankan sama ya matsa kusa da rariya. Idan ciwon daji ya ci shamakin, ko wata fiɗa ta baya ta lalata shi, sai a nemi faci mai jini daga gefen hanci ko daga tantanin da ke manne da ƙashin goshi. Akwai kuma dabarar rage wa rufin nauyi, irin aikin indararo: a sa siririn bututu a gadon baya, inda ake ɗibar ruwa don gwajin sanƙarau, a riƙa zubar da kaɗan-kaɗan na kwana 3. An daɗe ana gardama kan amfaninsa, har likitocin Pitsbag suka gwada a kan mutum 170 masu manyan ramuka, suka bayyana a 2018 cewa yoyo ya samu 8 cikin 100 na waɗanda aka sa wa bututun, da 21 cikin 100 na waɗanda ba a sa wa ba. Ga ƙananan ramuka kuwa ba a bukatarsa.

Idan likita ya cire safar hannu, rabin ɗinkin ne aka gama. Sauran rabin a gida ake yin sa, na tsawon makonnin da likita ya yanke. Ba a fyace majina, domin iskar da aka matsa na iya ɗaga facin ta shige cikin kai. Idan atishawa ta zo, a bar baki buɗe. Ba a ɗaukar kaya mai nauyi, ba a yunƙuri a bayan gida, ana kwanciya da kai a ɗage. Waɗannan umurni a Turai aka rubuta su, amma a gidan Bahaushe sunayensu daban ne: daka, da jan guga, da ɗora tulu, da sunkuyon shara da wanki. Macen da aka yi wa aikin nan ba za ta iya kiyaye su ba sai dangi sun sauke mata su duka, ba tare da gori ba, ko da yake babu tabon da zai shaida wa ido cewa an yi mata babbar fiɗa. Sujada ma sunkuyo ce, shaƙa ruwa a alwala kuma tura ruwa ne zuwa inda ake jinya. Malaman fiƙihu sun daɗe da sauƙaƙa wa mara lafiya ya yi salla a zaune da ishara, shaƙa ruwa kuwa a mazhabar Malikiyya sunna ce, barin ta saboda lalura ba ya ɓata alwala. Ƙurar hunturu na busar da hanci ta daɗa ɓawo, don haka wankin hanci da ruwan gishirin da likita ya rubuta, a lokacin da ya ba da izni, yana cikin magani.

Mai karatu a Maraɗi ko Tawa na iya cewa wannan duk labarin Pitsbag ne. Amma ramin gindin ƙoƙon kai ba ɗakin fiɗa kaɗai ke yin sa ba, mafi yawansa ma haɗari ne ke kawo shi. Ɗan kabu-kabun da ya faɗi babu hular kwano, goshinsa ya bugi kwalta, yana iya tsaga rariyar nan da tantaninta ba tare da fatar waje ta nuna wani abin tsoro ba. Akasarin irin wannan yoyo kan tsaya da kansa cikin mako guda ko kwana 10 idan an kwanta an huta a ƙarƙashin kulawar likita. Wani ba ya tsayawa, wani kuma sai bayan watanni ko shekaru yake ɓullowa. Akwai ma wanda ke zuwa ba faɗuwa ba fiɗa, galibi ga mata masu ƙiba da suka fara manyanta, saboda matsin ruwan ya yi yawa har ya cinye ƙashin a hankali.

Nijar kuwa a tsakiyar yankin sanƙarau take. Malaman makaranta ba su manta da 2015 ba, shekarar da cutar ta kama mutum fiye da 8,000, ta kashe sama da 500, har aka rufe makarantun Yamai na ƴan kwanaki a watan Afrilu. Sabo da annoba ya sa duk sanƙarau ana ɗora shi ga zafi da iska. Sai dai wanda ke shiga ta tsagar ƙashi ba ya jiran bazara, ƙwayar da ta fi kawo shi kuwa ita ce mai haddasa nimoniya, wadda allurar rigakafin annobar ba ta tare ta. Saboda haka yaro ko babban da ya yi sanƙarau sau biyu ko uku, musamman in ya taɓa buguwa a kai, bai kamata a tsaya ga cewa jininsa ne ke jan cutar ba. Mai yiwuwa rufinsa ne ke da tsaga, kuma za ta ci gaba da shigo da cutar har ranar da aka liƙe ta.

Alamun ba su da wuyar riƙewa. Ruwa ne fari garau, ba kauri ba yauƙi, galibi ta kafar hanci ɗaya. Yana ƙaruwa idan an sunkuya, kamar ɗalibin da ke ɗiga a kan littafinsa duk lokacin da ya duƙa rubutu. Mai shi kan ji ɗanɗanon gishiri a maƙogwaro, ciwon kansa kan tsananta in ya miƙe, ya lafa in ya kwanta. Majinar mura na sandarar da ƙyalle idan ta bushe, wannan kuwa ba ya yi. Duk waɗannan manuniya ce kurum, tabbaci na wurin likita, ta gwajin wani sinadari da ake samu a ruwan ƙwaƙwalwa ba a samun sa a majina, da hoton sikana mai nuna inda ƙashi ya tsage. Abin da ke hannun jama'a shi ne kada a cusa auduga ko garin magani ko taba a hancin, kada a yi ta shan maganin mura wata da watanni, a kuma faɗa wa likita labarin faɗuwar ko da ta daɗe. Manyan asibitocin Yamai da na Damagaram suna da likitocin fiɗar ƙwaƙwalwa da za a tura mutum wurinsu. Idan zazzaɓi da sandarewar wuya suka haɗu da wannan ɗigo, ba a kwana.

A nan malamai da ƙungiyoyin raya al'adu suke da rabo a cikin ɗinkin. Umurnin da aka ba mara lafiya cikin Faransanci a bakin ƙofar asibiti, idan bai koma Hausar daka da guga da sujada ba, bai isa gida ba. Kalmomin kuwa ba su ɓata ba, ga rariya, ga shamaki, ga tantani, ga faci, duk harshen ya tanade su tun kafin a ƙera andoskof. Idan aka ji an cire wa wani ƙari ta hanci, mamakin shigar halas ne. Sai dai a ƙara da tambayoyi biyu da suka fi kusa da ransa: da me aka rufe, wa kuma ke ɗauke masa tulu a gida?